Shayin Maikuɗi Mai Kumfa

Da aka gama girbin masara a Tabanni, labari ya zo cewa Bappa zai sauko da shanunsa daga gefen dajin Kamuku, kuma bana a gona ɗaya kawai zai yi rani. Kowa ya san darajar wannan sauka. Gonar da shanun Bappa suka zauna a cikinta, suna cin kara suna zubar da kashi, ba ta neman takin zamani da damina. Gonaki biyu ne ke kusa da rafin da shanun za su sha ruwa, ta Maikuɗi da ta maƙwabcinsa Gabriel, jerin bini-da-zugu ne kawai ya raba su.

Gonar Maikuɗi ta gaji. Masarar da ya noma a shekarar ta yi gajarta har kaji na cin ta a tsaye, ba tsalle. Matarsa Raudatu, wadda fanken da take soyawa ne ya riƙe gidan, ta gaya masa a fili cewa in bai samo taki bana ba, baɗi sai dai ya ci labaransa da miya.

Bappa yana da tsarinsa. Ba ya zaɓen gona da ido kawai. Yakan zo ya zauna a tabarma, a hura gawayi, a ɗora buta, a sha shayi dahuwa uku. A ta farko ana gaisawa, a ta biyu a yi zancen ruwa da ciyawa, sai a ta uku yake faɗin ko zai sauka ko zai wuce. Wanda zamansa ya yi masa daɗi, shi ke samun shanu.

Maikuɗi ya tashi a majalisar gindin mangwaro ya sanar cewa zamanin gawayi ya wuce. Ya ce shi zai ba Bappa shayin da babu wuta babu hayaƙi, a tsakiyar gona, da zafinsa, kuma kafin Gabriel ya gama fifita murhu shanun sun riga sun kwanta a gonarsa. Gabriel, wanda ke zaune a wurin yana ɓare gyaɗa, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Washegari Maikuɗi ya hau babur ya tafi cikin Birnin Gwari, shagon Solomon mai kayan kicin. Solomon ya jera masa fulas iri-iri, irin masu 'yar rariyar ƙarfe a ciki da ake zuba ganyen shayi. Maikuɗi ya ƙwanƙwasa kowanne kamar mai zaɓen kankana. Ya shinshina, ya hura iska, ya kira sunansa a cikin wani don ya ji ko zai amsa. Solomon ya nuna masa wani babba, ya ce wannan zai ishi mutum biyar, shi ya dace da mai tarbar baƙi. Amma idon Maikuɗi ya riga ya faɗa kan wani ƙarami baƙi, wanda in an taɓa murfinsa lamba take fitowa da haske.

Solomon ya ce wannan na mutum ɗaya ne, da baki ake sha.

"Baƙo ba yawa yake sha ba," in ji Maikuɗi, "daraja yake sha."

Solomon ya fara yi masa bayani, cewa lambar zafin ruwa take nunawa, ganye kuma a cire shi in ya ɗan jiƙa, sannan kada a kuskura a bar madara ta kwana a ciki. Maikuɗi ya ɗaga masa hannu. Ya ce shi ba baƙon shayi ba ne, ya taɓa shan shayi a Abuja, a tsaye, kusa da wani mai kwat. Solomon ya naɗe masa fulas ɗin.

An yi gwajin farko a majalisa. Maikuɗi ya sa an tafasa ruwa, ya jefa ganyen shayi a rariyar, ya zuba, ya rufe, ya zauna ya bar mutane suna kallo har suka fara gajiya. Sannan ya taɓa murfin, lamba ta fito, casa'in da shida. Ya zagaya da shi kowa ya gani. Ya ce wannan makin da fulas ɗin ya ba shayinsa ke nan, kuma da za a zuba na Gabriel, da wuya ya sami arba'in. Ya buɗe, ya yi bisimilla, ya ɗaga kai ya kafa baki.

Bai tofar ba, wannan kam an shaide shi. Ya haɗiye, ya mayar da murfin a hankali, ya zauna yana kallon nesa, hawaye na bin gemunsa.

"Maƙwabci, yaya makin?" in ji Gabriel.

Maikuɗi ya ɗaga babban yatsa.

Harshen ya kumbura, ya yi kwanaki bai iya haɗa kalma biyu ba. Majalisa ta sami wani irin kwanciyar hankali da ba ta saba da shi ba, har aka ji ashe akwai tsuntsaye a kan mangwaron. Raudatu ta ce tun da ta zo gidan bai taɓa sayen abu mai amfani kamar wannan ba. Wasu dattawa ma sun fara shawarar a saya masa na biyu, ko da wannan zai lalace.

Da baki ya buɗe, abin da ya fara faɗa shi ne cewa fulas ɗin ba shi da laifi, jikinsa ne bai kai makin ba. Ya ce yanzu ƙarfi zai nema. Ya cusa wa 'yar rariyar ganyen shayi har ta ƙi rufuwa, ya danna citta, kanumfari, masoro, kimba, da wani ɓawon itace da mai maganin gargajiya ya ce na doki ne amma mutum ma yana iya sha. Ya bar su a ciki tun safe har la'asar. Abin da ya fito baƙi ne, mai kauri, yana bin kofi da ƙyar kamar ba ya son rabuwa da gida.

Shi bai sha ba. Ya kai wa Gabriel har bakin iyaka, da nufin in abokin takara ya ɗanɗana ya san da wa yake karawa, ya janye. Gabriel mutum ne da ba ya mayar da hannun kyauta. Ya rufe ido ya shanye, ya yi godiya da wata murya da ba tasa ba.

Da yamma ta yi, Alice matar Gabriel ta shigo gidan Raudatu ko sallama ba ta gama ba. Ta ce me aka ba mijinta. Ta ce tun da ya dawo ya kasa zama. Ya share hanya daga gona har rafi, ya tara kara wuri ɗaya, ya kafa rumfa, ya tone kututturen ɗorawar da mahaifinsa ya yi ta fama da shi har ya rasu bai cire ba, yanzu kuma yana kan rufin kicin yana gyaran jinka yana waƙar coci, alhali jinkar lafiyarta lau.

Maikuɗi ya leƙa ta saman bini-da-zugu. Gonar Gabriel ta zama kamar an shirya ta don shanun gwamna: hanya fes, inuwa, abinci a tare. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya ce wa Raudatu wannan ya nuna shayinsa na aiki.

"Yana aiki, Baban Salim," in ji ta. "A gonar wani."

Ana nan sai Kadijatu matar Bappa ta shigo gari da ƙwaryar nono, ta ce garken na hanya, jibi za su iso. Maikuɗi ya sayi madara sabuwar tatsa don ya sami hanyar tambaya, ya ce wai me Bappa ya fi so a shayi. Ta yi dariya ta ce kumfa. Ta ce in kumfa ba ta tsaya a kofi ba, Bappa yakan ce an ba shi ruwan wankin buta.

Kumfar shayi kuwa da hannu ake yin ta, a ɗaga buta sama a tsiyaya a kofi, a mayar, a sake, har ta taru. Maikuɗi ya gwada da fulas ɗinsa a tsakar gida. Ya ƙona babban yatsan ƙafarsa, ya jiƙa akuya, kumfa ko ɗigo. Yana zaune yana hura ƙafa sai idonsa ya sauka kan robar ƙullin fanken Raudatu, ya ga ƙullin ya taso yana ƙwai-ƙwai, yana kumfa shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi.

Ya matsa kusa ya fara yabon sana'arta, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ta sirrin. Ta ce ba sirri, yis ne, a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba don zafi na kashe shi, sai a ba shi sukari. Ta tsaya da juya ƙullin ta dube shi.

"Me za ka yi da shi?"

Ya ce ilmi kawai yake nema.

Tana fita kai fanke, ya shiga aiki. Ya dafa shayi ya bari ya huce. Ya zuba madarar Kadijatu, ya ƙara zumar dajin Kamuku da yake ɓoyewa a bayan buhu, ya juye rabin ƙunshin yis a cikin rariyar, da ya ga rabi ya yi kama da rowa sai ya juye sauran. Ya murɗa murfin da dukkan ƙarfinsa don kada kumfa ta gudu. Ya taɓa, lamba ta nuna talatin da takwas. Wannan ya ɗan dame shi, amma kafin ya isa majalisa ya samo bayani: ya ce ashe lambar irin ta sakamakon makaranta ce, ƙarama ta fi, na ɗaya ai ya fi na casa'in. Ya naɗe fulas ɗin a bargo ya ajiye a ɗaki, ya ce sai ya kwana biyu zai nuna.

Raudatu ta nemi yis ta rasa, ta gane. Ta same shi ta ce ita a duk shekarunta na suya ba ta taɓa rufe ƙullu ruf ba, ƙyalle take yafa masa, don abu ne mai numfashi. Maikuɗi ya ce wannan ne bambancin kicin da kimiyya. Ta ce to. Ta kwashe kwanukanta masu fashewa daga ɗakin ta kai na baya.

Ranar zuwan Bappa, fulas ɗin ya wayi gari yana wani ɗan tsaki a cikin bargo. Gindinsa ya kumburo, ba ya tsayuwa sai ya yi ta rawa kamar ƙwai. Maikuɗi ya ce kumfa ce ke gaisuwa. Ya sa babbar rigarsa ta salla, ya ɗaure fulas ɗin a bayan babur, ya bi hanyar gona mai ramuka da gudu, don kowa ya ga bai ɗauko gawayi ba.

Rabin gari ya riga shi zuwa. Har mutanen Damari da suka zo cin kasuwa sun ji labari sun ratse. Bappa ya iso da sandarsa a kafaɗa, dogo, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, shanun na biye da shi. Da yake gonar Maikuɗi ce farko a hanya, nan suka fara shiga, suka sa baki a kara. Wata saniya ma har ta ɗaga wutsiya ta ajiye abin da ake nema. Maikuɗi ya dubi tulin, ya dubi Gabriel, ya gyara wuyan riga.

Aka shimfiɗa tabarma. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Bappa ya duba dama ya duba hagu, bai ga murhu ba, bai ga hayaƙi ba. Ya tambaya cikin ladabi ko a ina za a ɗora buta.

Maikuɗi ya miƙe. Ya ce Bappa ya yi shekaru yana ɓata rabin yini a gaban gawayi, yau Allah ya kawo masa sauƙi: dahuwa ukun nan duk an haɗa su a wuri ɗaya, gaisuwa da zancen ciyawa da yanke magana, kurɓa ɗaya an gama. Bappa ya ce shi dai bai san rabin yinin nan ɓata shi yake yi ba, amma bari ya gani.

Maikuɗi ya warware bargon, ya kama murfi ya murɗa. Murfi ya ƙi. Ya goge hannu ya sake. Ya sa gefen riga. Ya miƙa wa Gabriel, Gabriel ya gwada, ya kara kunnensa a jikin fulas ɗin, ya mayar masa da sauri ya ce abin nan magana yake yi. Bappa ya ce ba komai, yana da 'yar butarsa a jaka, a tsinto itace a fara dahuwar farko kafin murfin ya yi shawara.

"Ba a gonata ba, Bappa," in ji Maikuɗi. "A gonata an daina jira."

Ya je babur ya ɗauko sifana. Ya durƙusa a tsakiyar tabarma, ya matse fulas ɗin tsakanin gwiwoyinsa, ya sunkuya a kansa. Raudatu ta kama hannun Alice da na Kadijatu, ta ja su bayan bishiyar kuka.

Ƙarar da ta tashi an ji ta har bakin rafi.

Mutanen ƙasar Birnin Gwari ba sa tambayar irin wannan ƙara daga tsaye. Kafin amsa-kuwwar ta dawo daga daji, babu mutum ɗaya a kan ƙafarsa. Dattawan majalisa sun shige kunyoyin masara, kowa ya zaɓi tasa. Wani mutumin Damari ya rufa da bargon Maikuɗi. Bappa, wanda ya zo yana tafiya kamar ƙafa na ciwo, ba wanda ya ga lokacin da ya isa bayan suri.

Shanun kuwa suka ɗaga wutsiya gaba ɗaya suka yi gabas. Suka tattake bini-da-zugun, suka faɗa gonar Gabriel, suka sami hanya shararriya suka bi, suka sami rumfa da tulin kara suka tsaya. A nan tsoro ya sauko musu ta inda yake sauko wa dabba. Cikin ɗan lokaci gonar Gabriel ta sami takin da a wata shekarar sai an yi wata guda ana tarawa.

Da shiru ya yi tsawo, mutane suka fara ɗago kai ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar tabarma akwai wani farin tudu mai siffar mutum a durƙushe, da sifana a hannu. Kumfa ta rufe hula, ta rufe gemu, tana gangarowa ta hannun riga, fulas ɗin kuma bai daina aman ta ba. Murfin ba a sake ganinsa ba. Rariyar kuwa can aka hango ta a gonar Gabriel, ta sauka daram a tsinin ƙahon babban bijimin garken, tana walƙiya.

Sai ga 'yan banga a kan babura, shugabansu Abdulkahar na tambayar ta wane gefe aka shigo. Gabriel, daga kwance, ya nuna Maikuɗi. Abdulkahar ya zagaya shi, ya ɗauki fulas ɗin ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya miƙa wa Gabriel ya ce shi dai bai sani ba, amma a ji ta bakin wanda ya taso a gidan da aka sani.

Gabriel ya shinshina, ya gyaɗa kai da girmamawa.

"Kakata ta yi shekaru tana dafa burkutu," in ji shi, "ba ta taɓa samun wadda ta yi harbi ba."

Aka yi salati. Maikuɗi ya share kumfa daga bakinsa ya ce shayi ne, ya rantse shayi ne, a tambayi Solomon. Wani dattijo daga cikin kunya ya ce ashe abin da za a shayar da Bappa ke nan, da azahar, a gaban jama'a.

Bappa ya fito daga bayan suri yana kaɗe riga. Ya zo ya tsaya a kan Maikuɗi, ya dube shi daga hula har gwiwa, ya daɗe.

"Kumfa kam ta tsaya," in ji shi.

Maikuɗi ya ga ƙofa ta buɗe, ya ce to a koro shanun su dawo, ai nan suka fara shiga, ga ma shaida can wata ta ajiye. Bappa ya juya ya dubi garkensa. Sun riga sun kwanta a inuwar rumfar Gabriel suna tuƙa. Ya ce saniyar da ta firgita ta kwanta ba a tashinta, in an tashe ta nono ke ɗaukewa. Ya ce kuma shi har yanzu bai sha shayi ba.

Alice ta riga ta tsallaka ta hura gawayi. Aka ɗauke tabarmar, wadda ta tsira, aka koma gonar Gabriel. An gayyaci Maikuɗi, ya zo ya zauna, amma ƙudan zuma sun gano zumar Kamuku a gemunsa, don haka aka roƙe shi ya ɗan matsa, ya ƙara matsawa, har ya koma daidai kan iyaka. Daga nan ya ga an sha dahuwar farko ana gaisawa. Ya ga an sha ta biyu ana zancen ciyawa. A ta uku Bappa ya ajiye kofi ya ce wa Kadijatu a sauke kaya.

Da za a watse Maikuɗi ya ce aƙalla a ba shi rariyarsa. Bappa ya ce ai tasa ce, ya je ya cire. Maikuɗi ya taka har kusa da bijimin. Bijimin ya daina tuƙa ya ɗago kai. Suka dubi juna. Maikuɗi ya dawo ya ce ya bar wa garken kyauta, don a riƙa tunawa da shi.

Da damina masarar Gabriel ta yi tsawon da mai babur ke ɓacewa a cikinta. Ta Maikuɗi ta fito kamar yadda ta saba, ban da wani gindi ɗaya da ya yi kore shar, daidai inda saniyar nan ta ajiye shaida. Kullum sai ya kai mutane su gani. A majalisa kuma yakan ce a duk ƙasar nan a nuna masa wani da ya taɓa tashin garke guda da kofin shayi ɗaya.

Bayan girbi, Gabriel ya yi sallama a ƙofar gidan Maikuɗi da buhunan masara a bayan babur. Ya ce wannan rabon maƙwabci ne, don gaskiya shi ya yi aikin. Raudatu ta karɓa ta yi godiya. Sai Gabriel ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon ƙunshin yis, ya miƙa wa Maikuɗi da hannu biyu, ya ce an ce Bappa na hanya, yaushe za a ɗora.

Maikuɗi ya karɓa ya juya shi a hannu. Ya ce kuskuren bara ɗaya ne, ya gano shi: fulas ɗin ne ya yi ƙarami. Bana babban zai saya, mai cin mutum biyar.

Gabriel ya yi lissafi a ransa. Sannan ya tada babur.

"To bari in je in ƙara faɗin rumfa," in ji shi.